Jiragen da Sanyi Ya Adana: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsofaffin Jiragen Ruwa a Ƙasan Manyan Tafkunan Amurka da Kanada

A ƙasan manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada akwai jiragen ruwa na katako waɗanda suka nutse tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, amma har yau wasunsu suna zaune daram a kan gindinsu, sitiyarinsu yana wurinsa, ƙofofin ɗakunansu suna maƙale, kamar jiya matuƙansu suka sauka. Wanda ya san yadda kwale-kwale yake ruɓewa a bakin kogi cikin 'yan damuna kaɗan dole ya yi mamakin wannan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin, tare da amsoshinsu.

Waɗanne tafkuna ake magana a kansu, kuma jirage nawa ne a cikinsu?

Tafkunan su ne Superior da Michigan da Huron da Erie da Ontario, waɗanda a haɗe ake kiransu Manyan Tafkuna. Kalmar tafki tana iya yaudarar mai karatu, domin wanda ya tsaya a gaɓar ɗayansu ba ya hango ɗaya gaɓar, ruwa ne iya ganinsa har ya haɗe da sama. Superior shi kaɗai faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,100, wato ya fi Jihar Neja girma, kuma zurfinsa a wuri mafi nisa ya kai mita 406. Su biyar ɗin suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa.

Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jirage kimanin 6,000 da rayuka kimanin 30,000. Asarar ta fara ne tun 1679, lokacin da jirgin Griffon na Bafaranshen nan La Salle ya tashi ɗauke da fatu ya ɓace, kuma har yanzu masu nema ba su daina cigiyarsa ba.

Me ya sa jirage suka yi ta nutsewa haka a ruwan da ba teku ba?

Abu na farko shi ne yawan zirga-zirga. Bayan an buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825, sannan aka buɗe mashigin Soo da ya haɗa Superior da sauran tafkunan a 1855, sai wannan ruwa ya zama babbar hanyar fatauci. Alkama da masara suna tafiya gabas, kwal yana tafiya yamma, katako da tamar ƙarfe suna saukowa daga arewa, ga kuma dubban baƙi daga Turai masu neman wurin zama. Inda jirage suka yi cunkoso a cikin hazo, ba rediyo ba na'urar radar mai gano jirage daga nesa, karo ba ya zama abin mamaki. Gobara ma ta ci nata rabon, musamman a jiragen katako masu injin tururi.

Abu na biyu shi ne halin ruwan kansa. Raƙuman ruwan tafki suna zuwa ne a kusa da juna, a tsaye, ba sa ba jirgi damar farfaɗowa daga bugu ɗaya kafin na biyu ya iso, kuma babu sararin da kyaftin zai gudu gaban guguwa kamar yadda zai yi a teku, domin duk inda ya nufa gaɓa da duwatsu suna jiransa. Watan Nuwamba ne ya fi muni, lokacin da iska mai sanyi daga arewa take haɗuwa da ruwan da bai gama sakin ɗumin bazara ba. A guguwar Nuwamban 1913 kaɗai kimanin mutum 250 suka mutu cikin 'yan kwanaki. Sai dai ba a yi adalci ba idan aka ɗora wa iska laifin duka, domin a daidai wannan watan ne masu jirage suke matsa wa matuƙa su ƙara sawu ɗaya kafin ƙanƙara ta rufe hanya, kuma jirage da dama a wannan sawun na kwaɗayi suka tafi.

Mene ne ainihin abin da ke hana katakon ruɓewa?

Dalilai huɗu ne suka haɗu, kuma mafi girmansu rashin wata halitta ne. A cikin teku akwai abin da ake kira tsutsar jirgi, wadda a haƙiƙa dangin halittu masu ɓawo ce, ko da yake jikinta dogo ne kamar na tsutsa. Da ɗan ɓawon da ke kanta take huda katako ta shige, ta yi ta cin cikinsa tana barin ramuka, har ya zama kamar saƙar zuma alhali bayansa yana nan sumul. Duk wanda ya taɓa dafa azara ya ji ta burme saboda gara ta cinye cikinta ya san irin wannan ɓarna. Jirgin katako da ya nutse a teku mai ɗumi, idan yashi ko laka ba su binne shi ba, cikin shekaru kaɗan wannan halitta za ta gama da shi. To ita tsutsar jirgi ba ta rayuwa sai da gishiri, saboda haka babu ita sam a cikin waɗannan tafkuna.

Na biyu shi ne sanyi, kuma a nan akwai wata ɗabi'a ta ruwan daɗi da ta cancanci a tsaya a kanta. Ruwa ya fi nauyi ne a lokacin da sanyinsa yake kusan digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya fi haka ɗumi yana tashi sama, wanda ya fi haka sanyi shi ma sama yake tashi, shi ya sa ƙanƙara take yawo a bisa ruwa maimakon ta nutse. Sakamakon haka shi ne ƙasan tafki mai zurfi yana zama a kusan digiri 4 rani da damina, ko da mutane suna wanka a sama cikin zafin watan Yuli, ko da ƙanƙara ta rufe gaɓa a watan Fabrairu. Wannan daidai yake da sanyin firiji. Ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da itace ba sa mutuwa a irin wannan sanyi, amma aikinsu yana yin sanyi ƙwarai, abin da za su ci cikin shekara ɗaya a ruwa mai ɗumi sai ya ɗauke su shekaru masu yawa.

Na uku shi ne duhu, domin inda hasken rana ba ya kaiwa gansakuka da ciyayin ruwa ba sa tsirowa. Na huɗu kuma shi ne natsuwar ruwa, don kuwa komai haukar guguwa a sama, jirgin da ke mita 60 ko 80 a ƙasa ba ya jin motsinta. Akwai wani kuskure da ya kamata a gyara a nan. Mutane da yawa suna cewa babu iskar oksijin a ƙasan waɗannan tafkuna, alhali ruwan zurfin Superior da Huron da Michigan yana da ita sosai, saboda ruwan saman tafkin da na ƙasansa suna cuɗanya a lokacin sauyin yanayi. Inda ake rasa ta shi ne cikin lakar da ke ƙasa, shi ya sa ɓangaren jirgin da ya nutse cikin laka ya fi kowane ɓangare daɗewa.

Ai gishiri ne ke hana nama da kifi lalacewa, to yaya aka yi ruwan gishiri ya fi ɓata jirgi?

Gishirin da ake barbaɗa wa nama yana da yawan da zai zuƙe ruwan jikinsa ya hana ƙwayoyin cuta zama. Na teku bai kai wannan ƙarfi ba, kuma akwai halittu bila adadin da suka saba da shi, cikinsu har da masu cin katako. Ga ƙarfe kuwa gishiri abokin gaba ne, domin yana hanzarta tsatsa. Ƙusoshi da ƙarafan da suka riƙe katakon jirgi suna saurin cinyewa a teku, idan suka saki sai allunan su baje. A ruwan daɗi mai sanyi tsatsa tana tafiya a hankali, ƙusa tana riƙe da allonta, jirgi yana riƙe da siffarsa.

Yaya irin waɗannan jirage suke idan aka gan su?

Misalin da ya fi shahara shi ne na Hamilton da Scourge, jiragen sojan ruwan Amurka guda biyu da wata guguwa ta kifar a Tafkin Ontario kafin wayewar garin 8 ga Agusta, 1813, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Amurka da Birtaniya. Fiye da mutum 50 suka halaka. An hango alamarsu a 1973, aka tabbatar da su a 1975, a zurfin kusan mita 90. Dukansu biyu a zaune suke, jigoginsu, wato dogayen gumagumai da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke turawa, suna tsaye, igogi suna bakin aikinsu, takubba suna nan a daɓen jirgi. Asalinsu jiragen fatauci ne da aka mayar na yaƙi, kuma nauyin igogin da aka ɗora musu a sama yana cikin abin da ya sa suka kife da sauri. A goshin Scourge akwai sassaƙen surar Lord Nelson, babban jarumin sojan ruwan Birtaniya, domin jirgin na talakawan Birtaniya ne kafin Amurkawa su ƙwace shi a 1812, kuma da wannan sura a gaba ya shiga yaƙi da ƙasar mai surar.

Wanda ya girme su shi ne Ontario, jirgin yaƙin Birtaniya da ya nutse ranar 31 ga Oktoba, 1780, watanni kaɗan bayan an ƙera shi. Jim Kennard da Dan Scoville ne suka gano shi a 2008 a zurfin kimanin mita 150, jigoginsa biyu a tsaye, har da gilashi a wasu tagogin bayansa. Sun ƙi bayyana ainihin wurin, saboda kabari ne na fiye da mutum 100.

Sai Cornelia B. Windiate, wanda ya tashi daga Milwaukee ɗauke da alkama a ƙarshen 1875 ya ɓace da mutanensa duka. Fiye da shekara 100 ana zaton yana Tafkin Michigan, sai a 1986 aka same shi a Huron, a zurfin kusan mita 55, babu alamar karo ko fashewa a jikinsa, kwale-kwalen cetonsa yana ajiye a gefe. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne feshin ruwa ne ya yi ta daskarewa a kansa har nauyin ƙanƙara ya danne shi a hankali.

Amma babu wanda ya kai Ironton tayar da hankali. A watan Satumba na 1894 ya yi karo da wani jirgi mai suna Ohio a Tafkin Huron. Kyaftin da mutanensa shida suka faɗa kwale-kwalen ceto, amma kafin su kwance igiyar da ta ɗaure shi da jirgin, sai jirgin ya nutse ya ja su. Biyu suka tsira, biyar suka mutu. Shekara 125 wannan labari yana matsayin abin da waɗanda suka tsira suka faɗa, har aka gano jirgin a 2019, aka sanar a 2023. Ga shi zaune, jigoginsa uku a tsaye, ga kwale-kwalen a bayansa, igiyar tana ɗaure har yanzu.

Duk jirgin da ya nutse a can haka yake zama?

A'a. Wanda ya faɗa wuri marar zurfi raƙuman ruwa da ƙanƙarar hunturu suna niƙe shi, sai a tarar da haƙarƙarinsa kawai a baje. Wanda kuma ya daki ƙasa da ƙarfi tun ranar farko ya tarwatse. Edmund Fitzgerald, mai tsawon mita 222, wanda ya nutse a Superior ranar 10 ga Nuwamba, 1975 da mutum 29 da tamar ƙarfe, kashi biyu ya rabu, rabinsa na baya a kife. Ruwan sanyi yana adana abin da ya iso gare shi ne a halin da ya iso.

Kayan da ke cikinsu fa, akwai zinariya ko wata dukiya?

Mai neman zinariya ya nufi wani wuri, domin waɗannan jiragen 'yan aiki ne, kayansu hatsi da kwal da katako da duwatsu. Darajarsu tana cikin yadda suke nuna rayuwar yau da kullum ta wani zamani. Rouse Simmons ya nutse a Tafkin Michigan a Nuwamban 1912 yana kai bishiyoyin Kirsimeti kasuwar Chicago, kuma da aka gano shi a 1971 bishiyoyin suna jibge a cikinsa, ganyen ne kawai ya zube. Kamloops, wanda ya ɓace kusa da tsibirin Royale a Disamban 1927 aka same shi a 1977, yana ɗauke da takalma da wayar shinge da alewa, duk suna nan a rumbunsa.

Idan akwai wanda ya yi kama da jirgin dukiya to Gunilda ne, jirgin shaƙatawa na attajiri William Harkness, wanda arzikin gidansu ya fito daga kamfanin mai na Standard Oil. A watan Agusta na 1911 ya hau kan wani dutse da ke ɓoye a ruwa kusa da Rossport, a arewacin Superior, bayan mai shi ya ƙi ɗaukar ɗan gari da ya san hanya saboda yana ganin kuɗin aikin ya yi yawa. Wajen janyo shi daga dutsen ne ya karkace ya sulale ƙasa, zurfin kusan mita 80. Ba a rasa rai ba. Har yau ruwan zinariyar da aka yi wa adon goshinsa yana ƙyalli idan fitilar mai nutso ta haska shi.

Gaskiya ne cewa ana samun gawarwaki a ciki?

Gaskiya ne. A ruwa mai ɗumi ƙwayoyin bakteriya suna haifar da iska a cikin jikin mamaci, ita ce take taso da shi sama bayan 'yan kwanaki. A sanyin ƙasan Superior wannan aiki yana yin rauni har gawa ba ta tasowa, kuma kitsen jiki yana iya rikiɗewa ya zama wani abu fari mai kama da sabulu, wanda yake riƙe siffar mutum shekaru da yawa. Akwai gawar ɗaya daga ma'aikatan Kamloops a ɗakin injinsa har yanzu.

Wannan ne ya sa iyalan mamata suke kallon wuraren a matsayin maƙabarta, kuma suna da gaskiya. Bayan wasu masu bincike sun ɗauki hoton gawa kusa da Edmund Fitzgerald, iyalai sun yi ta fafutuka har aka taƙaita zuwa wurin. Da yardarsu aka ciro ƙararrawar jirgin ranar 4 ga Yuli, 1995, aka mayar da wata a madadinta ɗauke da sunayen mutum 29 ɗin, kuma a 2006 gwamnatin lardin Ontario ta haramta kusantar wurin sai da lasisi. Ƙararrawar ta asali tana gidan tarihi na Whitefish Point, inda ake kaɗa ta kowace shekara ranar da jirgin ya nutse.

Yaya ake gano su a irin wannan zurfi?

Aikin yana farawa ne a kan tudu, cikin tsofaffin jaridu da takardun inshora da bayanan waɗanda suka tsira, don a rage faɗin inda za a nema. Daga nan sai a ja wata na'ura a bayan kwale-kwale, tana aika sauti ƙasa tana sauraron amsa-kuwwarsa, tana zana hoton ƙasan tafki layi bayan layi kamar mai yin huɗa a gona. Idan aka ga inuwar da ta yi kama da jirgi sai a saukar da na'ura mai kyamara da fitila wadda ake sarrafawa daga sama. Da yawa daga masu wannan nema ba ma'aikatan gwamnati ba ne, mutane ne masu sha'awa da suke kashe kuɗinsu da hutunsu. Wanda ya jagoranci neman Hamilton da Scourge, Daniel Nelson, likitan haƙori ne.

Nutso da kai kuwa yana da iyaka. Mai nutson shaƙatawa ba ya wuce mita 40, abin da ya fi haka sai da horo na musamman da iskar shaƙa da aka gauraya da hiliyom, da rigar da ruwa ba ya shiga, da kuma dogon jira a matakai yayin hawowa. Wanda ba ya nutso ma yana da rabo, domin a Tobermory ta Kanada jirgin Sweepstakes, wanda ya nutse a 1885, yana kwance a zurfin kusan mita 6, ana kallonsa daga kwale-kwale mai gindin gilashi.

Tun da suna da kyau haka, me ya sa ba a fito da su a ajiye a gidan tarihi?

An taɓa gwadawa, kuma abin da ya biyo baya shi ne darasin da duk masu wannan fanni suke koyarwa. Alvin Clark jirgin katako ne da ya nutse a Green Bay, wani lungu na Tafkin Michigan, a 1864. A 1967 komar wani masunci ta sarƙe a ƙasa, aka kira mai nutso Frank Hoffman ya kwance ta, sai ya tarar a jikin jigon jirgi ta maƙale. Shi da abokansa suka yi ta aiki har suka ɗago shi a 1969, kuma da aka zuƙe ruwa da lakar cikinsa sai ya tsaya a bisa ruwa da kansa, bayan shekara 105 a ƙasa. An sami kayan ma'aikata da kwanukan abinci, har da tulu mai cuku a ciki. Aka ajiye shi a garin Menominee mutane suna biya suna kallo.

Matsalar ita ce katakon da ya daɗe a ruwa ƙarfinsa na ido ne. Ƙwayoyin bakteriya sun riga sun ci wani sashe na cikinsa a hankali, ruwa ya cike gurbin, saboda haka ruwan ne yake tallafe da siffarsa. Da zarar ya bushe sai ya motse, ya tsattsage, ya karkace, fumfuna kuma ta samu iska da ɗumin da ta rasa shekara ɗari. Babu kuɗin yi wa Alvin Clark magani, babu rufin kirki a kansa, kuɗin 'yan kallo bai isa komai ba. Rana da ruwan sama da ƙanƙara suka yi ta aiki a kansa har ya zama kangon da ba ya gyaruwa, kuma a 1994 aka kawo katafila ta kwashe abin da ya rage. Abin da tafki ya riƙe shekara 105, sarari ya cinye cikin 25.

Ana iya yin abin daidai, amma sai ƙasa ta ɗaura ɗamara. Jirgin Vasa na Siwidin, wanda ya nutse a tashar Stockholm a 1628 cikin ruwa mai sanyi da ƙarancin gishiri, an ɗago shi a 1961, aka shafe shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma don ya maye gurbin ruwan cikin katakon, sannan aka gina masa gida na musamman da aka buɗe a 1990, inda ake lura da ɗumi da laima dare da rana. Jirgi ɗaya ke nan, kuma har yau ana kashe masa kuɗi. A ganina masanan da suka zaɓi barin jirage a inda suke sun yi daidai. A Tafkin Champlain da ke arewa maso gabashin Amurka ana iya ganin yadda tunani ya sauya, domin jirgin yaƙin Philadelphia na 1776 an ɗago shi a 1935, yanzu yana gidan tarihi a Washington, amma ɗan'uwansa Spitfire, da aka gano a 1997, an bar shi a ƙasa.

Idan mutum ya gano jirgi, nasa ne?

Ba nasa ba ne. A Amurka dokar jiragen da aka yi watsi da su ta 1987 ta ba jihohi mallakar irin waɗannan jirage da ke ƙasan ruwansu, a ɓangaren Kanada kuma dokar kayan tarihi ta lardin Ontario ce take tsare su. Cire ko da cokali laifi ne. Kafin waɗannan dokoki an yi ɓarna mai yawa, an kwashe ƙararrawa da sitiyari da fitilu an kai gidajen mutane. Akwai kuma yankunan ruwa da aka keɓe dungurungum, kamar na Fathom Five a Kanada tun 1987, da na Thunder Bay a Tafkin Huron tun 2000, wanda yake ƙunshe da jirage kusan 100 da aka sani.

A wannan yanki kaɗai ake samun haka?

Duk inda tafki ya haɗa zurfi da sanyi ana samu. A Tafkin Vättern na Siwidin akwai jirgin tururi Eric Nordevall, wanda ya nutse a 1856 aka gano shi a 1980 kusan cikakke. A Tafkin Constance, tsakanin Jamus da Suwizalan da Ostiriya, akwai Jura, wanda ya nutse a 1864. A Tafkin George na Jihar New York akwai wani jirgin yaƙi da sojojin Birtaniya suka nutsar da gangan a 1758 da niyyar ɗago shi bayan hunturu, sai ya zame zuwa zurfi, ba a sake ganinsa ba sai 1990.

Ke nan sai da sanyi katako yake daɗewa a ruwa?

Sanyi hanya ɗaya ce, akwai wata, kuma shaidarta tana Jihar Yobe. A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin kusan mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8.4, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000, yana cikin mafi tsufa da aka taɓa samu a duniya. Babu sanyin firiji a Dufuna. Abin da ya tsare shi shi ne jiƙaƙƙiyar laka da ta rufe shi ruf ta hana iska kaiwa gare shi, wato abin da yake tsare gindin jiragen Manyan Tafkuna. Shi ma da aka fito da shi sai da aka yi masa magani don kada bushewa ta tsattsaga shi.

Za su ci gaba da zama haka har abada?

Ba za su ci gaba ba, kuma abin da ya kawo canjin ƙarami ne, bai wuce farcen babban yatsa ba. Bayan an buɗe hanyar ruwa ta St. Lawrence a 1959, manyan jiragen teku sun samu shiga tafkunan. Irin waɗannan jirage suna ɗibar ruwa a tankunansu don daidaita nauyi, su zubar da shi a tashar da za su yi lodi, kuma a cikin wannan ruwa ne wasu halittu masu ɓawo biyu, 'yan asalin yankin Baƙin Teku, suka ƙetaro. An ga nau'in farko a Tafkin St. Clair, wanda ke tsakanin Huron da Erie, a 1988, wanda ake kira zebra saboda zanen jikinsa irin na jakin dawa, sai na biyu mai suna kwaga a Tafkin Erie a 1989. Kwaga ya fi haɗari ga jirage, domin yana jure sanyi da zurfi, yana kaiwa inda a da babu abin da yake kaiwa.

Ba sa cin katako kamar tsutsar jirgi. Mannewa suke yi da wasu zare masu ƙarfi da suke kama fuskar katakon, sannan wasu su hau kan wasu har su yi kauri. Sunan jirgi da aka sassaƙa da adon goshinsa da alamun gatarin maƙerinsa duk suna ɓacewa a ƙarƙashinsu, nauyinsu yana karya sassan da suka yi rauni, ƙazantarsu tana hanzarta tsatsar ƙarfe, kuma idan aka kankare su sai su taho da fatar katakon. Abin ban takaici shi ne su ne kuma suka share ruwan, domin kowane ɗaya yana iya tace kusan lita guda a rana. Mai nutson da a da ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa a wasu wurare, yanzu yana hango jirgi daga goshi har baya, sai dai abin da yake gani jirgi ne sanye da rigar ɓawo.

Hamilton da Scourge, waɗanda hotunan farko suka nuna katakonsu tas, yanzu kwaga ya hau su. Saboda haka hukumomi da masu sa kai suke gaggawar ɗaukar dubban hotuna na kowane jirgi, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da cikakkiyar surarsa ta kowace fuska, tun kafin a rasa abin ɗauka. Superior ne kaɗai ya tsira da sauƙi zuwa yanzu, saboda ruwansa ya fi sanyi, kuma yana da ƙarancin sinadarin kalsiyam da waɗannan halittu suke gina ɓawonsu da shi, don haka yawancinsu a tashoshin jirage irin ta Duluth suka tsaya. A can ne har yanzu mai nutso zai haska fitila a jikin jirgin da ya haura shekara 100 ya ga fentinsa.